Yadda Na Nemi Kujerar Shugaba da Kalma Ɗaya

Da na zauna rubuta takardar neman aiki da Turanci, sai na ga kalmar “eager” ta yi mini kaɗan, domin kowane mai neman aiki da ita yake bayyana ɗokinsa, ni kuwa ina son wadda za ta sa mai karatu ya gyara zama. Ƙamus ya jero mini “keen” da “avid” da “crave”, amma idona ya tsaya a kan “covet”, saboda na sha ganin “coveted prize” a jaridu, wato kyautar da kowa ke burin samu. Nan take na rubuta wa shugaban ma'aikatar cewa “I covet your position”, ina nufin gurbin da suka tallata, har na ƙara “deeply” don kada a raina himmata.

Ranar ganawa shugaban ya ɗaga takardata da yatsu biyu, ya karanta jimlar a bayyane, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

“Malam, tun yaushe kake da wannan buri?”

“Ranka ya daɗe, tun ranar da na ga sanarwar nan ko barcin kirki ba na yi.”

Sai na ga ya riƙe hannuwan kujerarsa gam.

Wata dattijuwa a cikin masu tantancewar ce ta tausaya mini. Ta bayyana cewa “covet” ta fi shafar ƙwallafa rai a kan abin da ke hannun wani, kuma Turawa sun fi saninta a cikin dokoki goma na Attaura, inda aka hana mutum ƙyashin gidan maƙwabcinsa da matarsa, har da sansa da jakinsa. Ta ce tushenta “cupiditas” ne na Latin, ma'ana kwaɗayi, kuma ko da yake siffar “coveted” yabo ce ga abin da ake so, aikatau ɗin yakan tona asirin mai son. Ni dai a ganina harshen da harafi biyu ke raba yabo da hassada a cikinsa bai yi wa baƙo adalci ba. Ta ƙara da cewa “your position” muƙamin shugaban ne shi kansa.

Aka sallame ni da alkawarin za a neme ni. Ina bakin ƙofa mataimakin shugaban, wanda tun farko yake danne dariya, ya biyo ni ya rage murya ya ce, “Malam, a bi layi, na riga ka.”