Knicks, a bar Mitchell Robinson inda yake

Tun daga daren 31 ga Mayun 2025, lokacin da Indiana Pacers ta fitar da New York Knicks a wasa na shida na zagayen ƙarshe na yankin gabashin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, magoya bayan Knicks suka koma kan tsohuwar gardamarsu: a rabu da Mitchell Robinson tun yana da sauran daraja, ko a riƙe shi? An sallami koci Tom Thibodeau, an ɗauko Mike Brown, an yi surutun wannan har an gaji, amma maganar Robinson tana nan daram. Kuma wanda ake ta wannan ja-in-ja a kansa ba tauraron ƙungiyar ba ne. Dogo ne mai tsawon ƙafa bakwai, aikinsa a mafi yawan lokaci shi ne ya zauna a benci har sai Karl-Anthony Towns, babban dogon ƙungiyar, ya gaji ko ya tara laifuka, sannan a ce masa tashi.

Ni, da nake wannan rubutu gab da fara kakar 2025-26, ina tare da masu cewa a riƙe shi, duk da cewa masu son a rabu da shi ba shirme suke faɗa ba.

Hujjarsu ta farko ita ce lafiyarsa. A kakar wasa biyu, 2023-24 da 2024-25, Knicks ta buga wasanni 164 kafin zagayen fitar da gwani, Robinson ya buga 48 kacal, 31 a ta farko, 17 a ta biyu. A Disambar 2023 ya ji ciwo a idon sawunsa na hagu, aka yi masa tiyata. Ya dawo a Maris, ciwon ya tashi a Mayun 2024 ana tsaka da karawa da Indiana, aka sake yi masa aiki, ba a ƙara ganinsa a fili ba sai ƙarshen Fabrairun 2025. Ƙaton mutum mai irin wannan nauyi, da ƙafar da aka feɗe sau biyu cikin wata shida, ba wanda zai rantse maka a kan goben sa.

Ta biyu ita ce jifan fenariti. A tsawon zamansa a NBA, rabin abin da yake jefawa daga layin ne ke shiga, da ɗan ɗoriya kaɗan. A zagayen fitar da gwani na 2025 ko rabin bai kai ba. A wasan farko da Boston Celtics ya jefa goma, uku suka shiga.

Ta uku kuɗi ne, kuma a nan ya kamata wanda ya saba da cinikin 'yan ƙwallon ƙafa ya ɗan dakata. A NBA ba a sayar da ɗan wasa a karɓi tsabar kuɗi kamar yadda ake yi a Ingila ko Sifaniya. Musaya ake yi, ka ba ni in ba ka, kuma dole albashin waɗanda aka yi musayar ya yi kusa da juna. Sannan yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta kafa shinge biyu a saman ƙa'idar albashi. Wanda ya ƙetare na biyun, wanda a kakar 2025-26 yake kan dala miliyan 207.8, an ɗaure masa hannu: ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya ɗauko mai tsada ɗaya ba, ba zai saka kuɗi a cikin musaya ba, kuma za a kulle masa ɗaya daga cikin damarsa ta zaɓen sababbin 'yan wasa a shekaru masu zuwa. A farkon kakar 2025-26 Knicks tana gab da wannan shinge. Towns shi kaɗai yana karɓar fiye da miliyan 50 a shekara. OG Anunoby, ɗan Najeriya haifaffen Landan, yana kan kwantiragin miliyan 212.5 na shekara biyar. Jalen Brunson miliyan 156.5 a shekara huɗu, Mikal Bridges miliyan 150 a shekara huɗu. Kwantiragin Robinson na miliyan 60, wanda ya sa wa hannu a 2022, wa'adinsa bazarar 2026 ne. Masu son a rabu da shi suna cewa: in dai ba za a iya biyansa ba, me zai sa a jira ya tafi a banza?

Tambayata gare su ɗaya ce: me za a ba ku? Duk abin da kuka sani game da idon sawun Robinson, likitocin sauran ƙungiyoyi 29 sun fi ku saninsa. Ba manajan da zai ɗauki matashin dogo mai lafiya ya miƙa don ya karɓi mutumin da saura masa shekara ɗaya a kwantiragi kuma ya buga wasa 17 a kakar 2024-25. Abin da kasuwa za ta bayar a kan albashinsa na wajen miliyan 13 bai wuce wani ɗan gefe mai matsakaicin hannu ba, ko damar zaɓe a zagaye na biyu guda ɗaya ko biyu. Shi ke nan sai a waiwaya benci a ga wa ya rage a farkon kakar 2025-26. Ariel Hukporti, wanda aka ɗauka na 58 a zaɓen 2024, yaro ne da bai gama koyon aikin ba. Guerschon Yabusele na Faransa yana da jiki kuma yana jefawa daga nesa, amma ba mai tsare bakin kwando ba ne. An ma gwada wannan hanya da Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, wanda ya zo tare da Anunoby daga Toronto a ƙarshen 2023. Achiuwa bai taɓa rowar ƙarfinsa ba, ya rufa wa ƙungiyar asiri a watannin da raunuka suka yi mata yawa, sai dai Robinson ya fi shi tsawo da kusan inci huɗu, kuma da aka shiga wasannin da ake yi da gaske a 2025, Thibodeau bai cika waiwayarsa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da Robinson ke yi, in ba ka zauna ka kalla ba, jadawalin maki ba zai gaya maka ba. Ba ya riƙe ƙwallo, ba ya jefawa daga nesa, akwai daren da zai tashi da maki huɗu. Amma ka bar kallon Brunson lokacin da ya ɗaga hannu zai jefa, ka dubi ƙarƙashin kwando. Kafin ƙwallon ta bar hannun mai jifa, Robinson ya riga ya soma kutsawa, kafaɗa a ƙirjin mai tsaronsa, yana tura shi taku ɗaya zuwa ƙarƙashin raga inda ƙwallon da ta daki ƙarfe ba ta faɗowa. In ta fito ya cafe da hannu biyu, in bai samu ba ya mare ta da hannu ɗaya zuwa waje inda abokansa ke jira. Abokan hamayya sun yi daƙiƙa ashirin suna tsaro, sun yi komai daidai, jifan bai shiga ba, sai ga shi an ce su sake daga farko. Ba abin da ke karya gwiwar ƙungiya kamar wannan. Kuma dole su ajiye mutum biyu a kansa, wanda hakan ke hana su ficewa da gudu su kai hari.

Cleveland Cavaliers ta ɗanɗana wannan a Afrilun 2023. Tana da dogaye biyu da ake ji da su, Jarrett Allen da Evan Mobley, amma a wasa na biyar da aka kore ta a gidanta, Robinson ya cafe ƙwallo 18 da suka ƙi shiga, 11 daga ciki a kwandon da Knicks ke kai wa hari. Shi ne kuma mai riƙe da tarihin kaso mafi yawa na jifan da ya shiga a kaka guda, kashi 74.2 cikin ɗari a 2019-20, tarihin da ya ƙwace daga hannun Wilt Chamberlain. Dalilin ba wani sirri ba ne, mutumin ba ya jefa abin da ya san ba zai shiga ba.

To, maganar fenariti fa? Gaskiya ne akwai asara. Wanda ke cin huɗu cikin goma, in aka ba shi jifa biyu, lissafi ya nuna bai kai maki ɗaya ba, alhali hari na yau da kullum a NBA yana kawo fiye da haka. Shi ya sa ake yi masa keta da gangan, dabarar da Don Nelson ya shahara da ita tun zamanin Dennis Rodman da Shaquille O'Neal. Amma a tsaya a duba wanda ya yi amfani da ita a kansa, da dalilinsa. Boston ce, mai riƙe da kofi a lokacin, da tarin taurarinta. A wasa na biyu a Boston, a mintunan da Robinson ya yi a fili Knicks ta fi Celtics da maki 19, a wasan da aka tashi 91 da 90. Ana saura 'yan mintuna, koci Joe Mazzulla ya sa yaransa su riƙa kama shi da gangan don kawai a tilasta wa Thibodeau ya fitar da shi. An fitar da shi ɗin, amma laifukan da Boston ta tara sun cika mata ma'auni, har ya zama duk wani sabon laifi fenariti ne, kuma jifan fenariti biyu na Brunson ne suka raba gardama a ƙarshe. Ɗan benci da zakarun duniya suka gwammace su ɓarnatar da laifukansu don kada su gan shi a fili, ban ga yadda za a ce da shi kaya ba. Dabarar ma tana da iyaka, domin a minti biyun ƙarshe na kowane zubi cikin zubi huɗu na wasan doka ta sa duk wanda ya kama wanda ba ya riƙe da ƙwallo a ba abokan hamayya jifa ɗaya kuma ƙwallo ta zauna a hannunsu.

Sai kuma Towns. Ba na cikin masu raina shi, mutumin da ya yi kaka yana cin maki 24 da cafe ƙwallo kusan 13 a kowane wasa, kuma shi ya zuba maki 20 a zubi na huɗu na wasa na uku a Indiana ya ceto ƙungiyar. Amma tsaro ba fanninsa ba ne, kuma yana da saurin tara laifuka. Indiana ta yi ta janyo shi waje tare da Brunson tana ratsa su, har Thibodeau, wanda duniya ta san ba ya son taɓa jerin mutum biyar ɗinsa na farko, ya cire Josh Hart ya sa Robinson tun daga farkon wasa. Ƙungiyar da babban dogonta ke da wannan rauni, na biyunsa ba ado ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne saurin mantuwar masu wannan kira. Isaiah Hartenstein ma ɗan benci ne da Knicks ta ɗauko a 2022 a kan miliyan 16 na shekara biyu, don ya riƙa taimaka wa Robinson. Da Robinson ya ji ciwo, shi ya riƙe ƙungiyar. A bazarar 2024 doka ba ta bar Knicks ta yi masa tayin da ya wuce kimanin miliyan 72.5 a shekara huɗu ba, Oklahoma City Thunder ta ajiye 87 a shekara uku, ya tafi. Ba laifin kowa ba ne. Amma sai ga Knicks a watan Satumba ba ta da dogo mai lafiya da za ta dogara da shi, kuma kafin a fara kaka ta miƙa Julius Randle da Donte DiVincenzo da damar zaɓe a zagayen farko ga Minnesota don ta samu Towns. Leon Rose, shugaban harkokin wasa na ƙungiyar, ya daɗe da sanin Towns tun yana wakilinsa, ba a ranar ya fara sha'awarsa ba, sai dai ramin da Hartenstein ya bari ne ya sa cinikin ya zama na gaggawa. Shi kuwa Hartenstein, a Yunin 2025 ya ɗaga kofi da Thunder.

Waɗanda suka raba dare suna kallon wasan ƙarshe na NBA na 2016 za su tuna wani abu makamancin haka. Andrew Bogut, babban dogon Golden State Warriors, ya ji ciwo a gwiwa a wasa na biyar, sai nauyi ya faɗa kan Festus Ezeli, ɗan birnin Benin na Najeriya, da Anderson Varejao. A zubi na huɗu na wasa na bakwai LeBron James na Cleveland ya nemi Ezeli takanas, ya samu fenariti uku a kansa, ya dawo ya jefa masa mai maki uku. Ƙungiyar da ta ci wasa 73 a kakar, mintunan dogo na biyu suna cikin abin da ya kayar da ita.

Inda zan bi masu son rabuwa da shi shi ne batun sabon kwantiragi. In wakilinsa ya zo da maganar shekara huɗu da kuɗin ɗan wasan farko, Knicks ta ce Allah ya ba da sa'a. Shekara biyu, ko uku da sharaɗin adadin wasannin da zai buga, wannan magana ce. Haka kuma in kafin a rufe kasuwa a Fabrairun 2026 wata ƙungiya ta kawo dogo na gaske, mai tsare kwando kuma mai lafiya, a saurare ta. Amma cewa wai in ya tafi a 2026 an yi asararsa a banza, wannan lissafin ƙungiyar da ke gini ne, mai tara damar zaɓe don shekara biyar masu zuwa. Knicks ta wuce nan. Ta ba da damar zaɓe biyar a zagayen farko don Bridges kaɗai, zuwa 2025 rabonta da kofi tun 1973, kuma manyan 'yan wasanta suna ganiyarsu ne yanzu. Watanni biyu na Robinson a Afrilu da Mayu sun fi mata duk abin da za a ba ta a madadinsa.

Aikin da ke gaban Mike Brown a kakar 2025-26 shi ne ya kai shi can da ƙafarsa. In wasa biyu suka zo a jere dare da dare, ya hutar da shi a ɗaya. Kada ya bar shi ya wuce minti ashirin da 'yan kai a watannin sanyi, ko da magoya baya a Madison Square Garden, filin wasan Knicks, suna ihun a sa shi. A bar Hukporti ya yi kurakuransa a Disamba da Janairu, lokacin da faɗuwa wasa ɗaya ba ta kashe kowa.