Garin tone-tone, in ji Baffa

Waɗanda ke zauren danginmu na WhatsApp sun ga abin da ya faru shekaranjiya, ba sai na maimaita ba. Yarinya ta ɗauki wayarta ta je gun Hajiya Babba ta naɗi muryarta, tana tambayar sunan kakan kakanmu da garin da ya fito. Iyakar laifinta ke nan. Baffa ya yi tsalle ya dire, wai garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Sannu da hikima, Baffa!

Shi dai Baffan nan ne bara ya tashi mutum biyu takanas har Fagge su binciko asalin yaron da ya zo neman 'yarsa. Suka dawo da labarin kakansa mahauci ne, aka mayar da kuɗin gaisuwa. Ranar ba a tuna da kaza ba. Mu asali ba ma nemansa sai za mu hana wani aure ko mu yi masa gori. In don a sani ne, sai a ce yaro ba shi da kunya.

Abin dariyar, duk wanda ka taɓa a birnin Kanon nan kakansa daga Yaman ya zo, ko Bagadaza, ko sharifi ne. To wa ya gina ganuwa? Wa ya yi rini a Ƙofar Mata? Aljanu? Su Barbushe da suka zauna Dala ba su bar baya ba ke nan? Ku bi sunayen unguwanni kawai: Tudun Nufawa, Ayagi, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa. Wangarawa sun shigo zamanin Sarki Yaji, Agalawa suka yi arziki da fataucin goro zuwa Gwanja. Garin baƙi ne tun fil azal, kuma shi ya sa ya cika ya tumbatsa.

Na san abin da ake tsoro, a tono bauta. To sai me? Sai 1936 Turawa suka soke ta gaba ɗaya a Arewa, jiya-jiya ke nan. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, kuma a zamaninsu hakimi ma sai ya bi ta hannunsu. Masu cewa addini ya hana alfahari da nasaba, ai alfahari ya hana. Ayar Suratul Hujurat cewa ta yi an yi mu dangogi da ƙabilu don mu san juna. Ku ne kuka juya ta kuke tankaɗe surukai da ita.

Wallahi abin yana min ciwo. Hajiya Babba ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage da ta san wa ya haifi wa. Ran da ta faɗi, sai dai mu tafi Gidan Ɗan Hausa ko ma'ajiyar tarihi ta Kaduna mu laluba takardun harajin Turawa, su kuwa ba ruwansu da sunan kakar kowa. Ke kuma 'yata, ki koma gobe da hantsi, lokacin Baffa yana kasuwa.

Af, wanda ya ari kundin hotunan bikin Inna tun ƙaramar salla, don Allah ya dawo da shi. Na san kai ne, na ga hoto ɗaya a shafinka har ka yanke ni daga gefe.