"Ya yanke" ba amsa ba ce ga mai ciwon Parkinson

Baffana tela ne, sama da shekara talatin yana kan keke. Hannun da ke zura zare a kafar allura ba tabarau, yau shi ne ba ya iya saka maɓallin riga sai an kama masa. Da rawar hannun ta fara, wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammu. Sai da muka yi shekara biyu muna yawon rubutu da hayaƙi kafin likitan ƙwaƙwalwa ya ce cutar Parkinson ce, ya rubuta masa ƙwayar da ta haɗa levodopa da carbidopa.

Sai wanda ya zauna da mai wannan ciwo ya san darajar ƙwayar nan. Cutar tana cinye sashen ƙwaƙwalwa da ke samar da dopamine, sinadarin da ke sa gaɓoɓi su bi umarnin mai su. Levodopa ba ya warkarwa, cike gurbi kawai yake yi, kuma ƙarfinsa na 'yan awanni ne. Baffa sau huɗu yake sha a rana. Idan ya sha, bayan kamar rabin awa sai ka ga mutum ya dawo: ya miƙe, ya yi alwala da kansa, ya taka zuwa masallaci. Idan aka makara, ƙafafunsa su manne da ƙasa a bakin ƙofa, murya ta shige ciki, haɗiyar ruwa ma ta zama aiki. Likitoci kuma suna gargaɗin cewa yanke maganin farat ɗaya na iya jawo zazzaɓi mai zafi, sandarewar jiki da ruɗewa, har ya kai ga rasa rai.

Watan jiya kemis bakwai na shiga da takardar a hannu. Duk amsar ɗaya ce: "Yallaɓai, ya yanke." Yaushe zai zo? "Sai yadda hali ya yi." Da na koma gida, Baffa ya dubi sauran ƙwaya shidan da ke katin ya ce, "Ɗana, riƙa raba min biyu, ko ta kai mu Juma'a." Na shiga ɗaki na zauna, na daɗe ban fito ba.

Ban ga laifin mai kemis ba, abin da ya iso hannunsa yake sayarwa. Tambayata ga masu sarrafa magani ce, kuma abin da ya faru a Faransa ya isa misali. A ƙarshen 2018 maganin Sinemet (irin wannan ƙwaya ta levodopa da carbidopa) na kamfanin MSD, wato Merck na Amurka, ya yanke a ƙasar na tsawon watanni saboda matsala a masana'antar da ke haɗa shi. Ƙungiyar marasa lafiya ta France Parkinson ta tada jijiyar wuya, hukumar kula da magunguna ta ƙasar kuma ta ci kamfanin tarar kusan yuro dubu 350. A wannan shekarar cinikin Merck ya haura dala biliyan 42. Ku auna da kanku. Tarar da ba ta taɓa aljihu ba, me za ta hana?

Kuma fa ba sabon magani ba ne da za a ce ana fama da wuyar haɗa shi. Tun 1967 likita George Cotzias ya nuna a New York cewa levodopa na tada waɗanda ciwon ya kwantar, Sinemet kuma ya shiga kasuwar Amurka a 1975. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. A ganina tsufansa ne ma ya jawo masa wulaƙanci. Ribar tsohon magani kaɗan ce, don haka ake tattara haɗa shi a masana'antu ƙalilan, ba a ajiye na ko-ta-kwana da yawa, inji ɗaya ya tsaya sai ƙasashe su shiga uku. Alhali masu buƙatarsa ƙaruwa suke yi: hukumar ta ce a 2019 sun haura miliyan 8.5, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25.

Na san za a ce kamfani kasuwanci yake, ba sadaka ba. Na yarda, a ci riba halal. Amma wanda ya ɗora mutum a kan ƙwayar da in babu ita ba zai iya juyawa a kan gado ba, ya karɓi amana, kuma amana tana da sharaɗi. Ya ajiye tanadi. Ya sanar da wuri idan matsala na tafe. Ya fito ya faɗi dalili da ranar dawowar kaya, don likita ya samu lokacin sauya wa majinyaci wani a hankali. Wasu ƙasashen sun mayar da haka doka. Amurka tun 2012 ta wajabta sanar da hukuma wata shida kafin a dakatar da muhimmin magani. Faransa daga 2021 ta tilasta ajiye na aƙalla wata biyu, a 2024 kuma ta ci kamfanoni 11 tarar yuro miliyan 8 kan saɓa wannan.

Mu nan fa? Maganin daga waje ake shigo da shi, saboda haka tun da aka saki naira a 2023 kuɗinsa ke bin dala. A shekarar ce manyan kamfanonin magani GSK da Sanofi suka sanar da daina sayar da magungunansu kai tsaye a Najeriya. Ba su ke yin maganin Baffa ba, amma tafiyarsu ta nuna min yadda kamfani ke iya naɗe tabarmarsa, majinyaci ya ji labari a bakin kanta. Abin ya kai masu bincike daga Italiya da Ghana suna gwada 'ya'yan ƙarara, wadda ke ɗauke da levodopa, don waɗanda ba su iya sayen ƙwaya. (Don Allah kada kowa ya gwada ba da likita ba, auna ta ba wasa ba ne.)

Ina roƙon NAFDAC ta sa tanadi da sanarwa cikin sharuɗɗan rajistar duk mai shigo da irin wannan magani, ta kuma riƙa wallafa sunayen waɗanda suka yanke inda kowa zai gani. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta tabbatar ana samunsa a manyan asibitoci a farashin da ɗan fansho zai iya.

A kemis na takwas na samu wani samfurin, kuɗinsa kusan ninki biyu. Kati uku suka rage, na kwashe duka. Ina fita na yi kiciɓis da wata baiwar Allah tana shiga da takarda irin tawa a hannu.