Fizar Dillalin Tumatir

Duk rigimar nan wani kwali ne ya jawo ta, wanda yara suka sa na saya musu a Ikeja. Na biya kuɗin da ya isa cefanen gidana har da canji, muka sha cunkoso muka iso Agege, aka buɗe kwali a tsakiyar falo. Me zan gani? Gurasa ce fale-fale an shafa mata tumatir, an zuba wani farin abu mai yauƙi a kai. Tumatir fa! Ni da nake kwana in tashi a kasuwar Mile 12 ta Legas, motocin Kano da Zariya da Jos a gabana ake sauke kwandunansu tun kafin assalatu. A ce ni za a sayar wa tumatir cokali uku a wannan kuɗi? Nan take na yi shela cewa ranar Lahadi kicin nawa ne, kuma Inna da ta zo daga Kano ganin jikokinta za ta ci fiza daga hannun ɗanta.

Maman yara ta dube ni sama da ƙasa. "Allah Ya ba da sa'a, Alhaji," ta ce, ta ci gaba da ninke wanki.

Daren Asabar na zauna da babban ɗana muna kallon wani dattijo a YouTube, mutumin Napoli, garin da fiza ta samo asali a ƙasar Italiya. Kayan kwaɓinsa huɗu ne rak: fulawa, ruwa, gishiri da yis. Ba ƙwai, ba sukari, ba bota. Na ce wa yaron ko fanken da uwarsu ke soyawa ya fi wannan kayan haɗi. Shi kuma, da yake ɗan boko ne, ya ce a 2017 har UNESCO ta sa sana'ar masu gasa fizar Napoli cikin al'adun duniya da ake adanawa. Na ce madalla, matan Jakara ta Kano da ke wuni a bakin tanderun gurasa sai su jira tasu ranar. Da dattijon ya nuna murhunsa na itace, yaron ya karanta mini cewa zafinsa ya haura digiri 400, kuma fiza ba ta wuce minti ɗaya da rabi a ciki. Obin ɗinmu na lantarki, wanda ya zo cikin kayan ɗakin uwargida, iyakarsa 250. Na ce sauran haƙuri zai cike.

Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa ban biya ko sisi ba, abokan sana'a suka ciko mini leda. Ganyen da dattijon ya ɗora a sama na gane shi tun daga nesa, ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne. Inda gizo ke saƙa shi ne farin abin nan mai yauƙi, mozarela, cukun mutanen Italiya. Na same shi a firjin wani babban kanti, ɗan ƙulli bai cika tafin hannu ba. Na juya bayansa na ga farashi, na mayar da shi wurinsa a hankali na yi masa sallama. A hanyar gida sai ga wata Bafulatana da ƙwaryar wara. Na yi lissafi irin na ɗan kasuwa: wancan nono, wannan nono. Duk da haka sai da na bincika.

"Baiwar Allah, yana narkewa kuwa?"

"A baki? Sosai ma," in ji ta.

Na sayi mai yawa.

Dattijon Napoli ɗan mitsitsin yis ya sa, ya bar kwaɓinsa ya kwana yana tashi a hankali. Shi ba shi da uwa zaune a falo tana jiran abincin rana. Na juye ƙullin yis gaba ɗaya, na ƙara wani don kada a ce na yi rowa, na cuɗa har gumi ya jiƙa singileti, na rufe roba da faranti na tafi sallar azahar. Wanda ya san zafin Legas da damshinta ya san yis ba ya buƙatar lallashi a garin nan. Ina dawowa na ji autata tana ihu daga ƙofa: "Baba, fiza za ta gudu!" Kwaɓi ya ture farantin, ya gangaro gefen roba, ya fara bin tebur.

Sai batun faɗaɗawa. Dattijon da hannu ya yi, ya wulla kwaɓin sama ya cafe. Irin wannan gwaninta ba a yin ta a ɓoye, don haka na ɗauko kwaɓina na fito falo gaban Inna. Na yi bismillah na wulla. Wanda ya bar fanka a kunne, har yau bai amsa laifinsa ba. Kaso ɗaya ya manne a bango kusa da agogo, kaso ɗaya ya tafi bayan talabijin, wani ɗan guntu kuma ya sauka a kan mayafin Inna. Ta ɗauke shi da yatsu biyu ta duba.

"Wannan ma duk cikin girkin ne?"

"Haka suke yi, Inna."

"To Allah Ya shirye su."

Ragowar na koma kicin na murza shi da kwalba. Ya fito da kusurwa biyar.

Su can tumatir ɗanye suke murƙushewa da gishiri su shafa, wutar murhu ta dafa shi a kan fizar. Ni kuwa ba za a ji a Mile 12 cewa na ba mahaifiyata ɗanyen tumatir ba. Na markaɗa shi da tattasai da attaruhu, na soya da albasa da magi har maƙwabta suka fara atishawa. Na malala shi a kan kwaɓin da hannu sake, ai ba saya na yi ba. Na jera wara, na yayyanka tsiren da na sayo a bakin titi na baza, na barbaɗa yaji, na ɗora ɗoɗɗoya. Wallahi a lokacin nan ta fi ta kwali kyau.

Obin ya ɗauki zafi, na ɗaga faranti ke nan, ƙit, aka ɗauke wuta. Na tayar da janareta. Shi kuma ƙarfinsa na fanka ne da talabijin da cajin waya. Ina jona masa obin ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Sai a nan maman yara ta sa baki. Ta ce in ina so ta nuna mini yadda suke gasa kek ɗin sallah tun kafin a san obin: a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora a murhun gawayi, a sa farantin a kan yashin, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Aka tura yara suka ɗebo yashi inda ake gini a bayan layi. Muka fito tsakar gida. Iya, maƙwabciyarmu Bayarabiya da ta fi wasunmu iya Hausa, ta leƙo ta ga yashi a tukunya.

"Alhaji, gyaɗa za a soya? A ajiye mini tawa."

Na ce mata abincin Italiya ne. Ta jawo kujera ta zauna.

Kek yana son wuta ta bi shi a sannu. Fiza so take wuta ta mare ta sama da ƙasa lokaci guda, ruwan tumatir ya ƙafe kafin ya jiƙa kwaɓi. A tukunyar nan ƙasa na ci, sama na gumi. Nakan ɗaga murfi in duba ko wara ta narke, duk ɗagawa kuma toka ta ɗan zuba, zafi ya fice. Wara tana nan zaune fara tas, kowane yanka da kusurwarsa yadda wuƙa ta bar shi. Na ƙara garwashi. Na sa yara fifita. Inna ta fito da carbinta ta tsaya a kaina ta tambayi me ake jira, na gaya mata.

"Wara? Da ruwan tumfafiya fa ake ɗaure ta, a tafasa ta. Abin da ake jefawa cikin tafasasshen mai ya fito da ransa, shi kake jira ya narke? Wa ya haife ka ne?"

Iya ta yi dariya har da buga cinya.

Ƙauri ne ya ce a sauke. Gindin ya yi baƙi ƙirin, gefe ya bushe ƙamas, tsakiya kuwa ruwan miya ya kwanta a kan kwaɓin da bai san an sa shi a wuta ba. Wuƙa ta gwada gefen ta haƙura, aka kawo almakashi. Na raba wa kowa yankansa a faranti, na zauna ina jiran yabo.

Babban ɗana ya ciza, aka ji ƙarar har ƙofar gida. Ya ce, "Baba, akwai ɗanɗano," ya miƙa hannu ya ɗauki ruwa. Auta ta tsince tsiren ta tura wa yayanta sauran. Iya ta ce ita a ɗaki za ta ci nata, ta fi jin daɗin abinci in ta natsu. Inna ta cinye wararta tas, ta ce yajin ya yi, a gaishe da mai tsire.

Ana cikin haka maman yara ta shiga ɗaki ta fito da babbar kula. Shinkafa da wake, da mai da yaji, har da salak da dafaffen ƙwai. Tun hantsi ta dafa ta ɓoye, wato tun ina cuɗa kwaɓi an riga an yanke mini hukunci. Na ce wannan rashin yarda ne da maigida. Ta ce, "A zuba maka ko a bari?" Na ce ta zuba kaɗan. Ta zuba da yawa, ban yi gardama ba.

Muna sa hannu wuta ta dawo, obin ya yi ƙara daga kicin. Na ce kun gani ko, da sun yi haƙurin awa biyu da yanzu wani labarin ake yi. Na ƙara da cewa Lahadi mai zuwa zan sake, wannan karon da mozarela ta gaske ko da rabin ƙulli ne. Inna, wadda da bakinta ta ce sai ƙarshen wata za ta koma, ta ajiye cokali ta juya wajen babban ɗana.

"Kai ɗan nan, duba mini a wayarka, motar Kano ta ranar Asabar ƙarfe nawa take tashi?"