Ranar da Famfonmu Ya Koyi Hausa

Tun da na dawo hutu ƙauyenmu a yankin Kura nake cika baki cewa sai na koya wa famfon gidanmu Hausa. Na sayo Arduino Uno, wani ɗan allon kwamfuta da bai kai tafin hannu ba, na zauna rubuta masa tafinta: a ce "kunna" ya kunna, "kashe" ya kashe, "jira 10" ya dakata daƙiƙa goma. Kalmomi uku kacal, amma sati biyu na yi ina fama, don ƙwaƙwalwar aikinsa bayit 2,048 ce, wato gurbin haruffa 2,048, ko hoton fasfo ba za ta ɗauka ba. Harafin ƙ ma na hana shi shiga harshen, da na ga shi kaɗai bayit biyu yake ci.

Na gwada jira 5, na gwada jira 30, lafiya lau. Har na fara tafiya irin ta injiniyoyi.

Ranar nuni Baba ya zo ya tsaya, hannu a baya.

"Sa masa minti ɗaya ka zo mu wuce, an tayar da iƙama."

Na rubuta kunna, jira 60, kashe. Muka tafi La'asar.

Ashe gurbin da na ware wa lissafin ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Tafintan yana ninka daƙiƙa sau dubu, don allon da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake ƙirga lokaci, sittin ta zama 60,000, ta cika ta tumbatsa, ta juye ta koma ƙasa da sifili. Shi kuma mai ƙidayar jiran bai san wata aba ƙasa da sifili ba, sai ya karanta ta fiye da biliyan huɗu. Wato kwana 49 da 'yan kai. Bawan Allah, umarni yake bi.

Tun daga zaure muka ji salatin Inna. Tanki na ambaliya, tattasan da ta shanya na yawo a tsakar gida, agwagin maƙwabta sun shigo ba sallama. Ƙannena suna ta yi wa famfon ihu, "Kashe! Kashe!", su a dole yana jin Hausa.

Na fizge wayar, na tsaya jiƙe sharkaf ina yi wa Baba bayanin kwana 49 ɗin nan. Ya saurara har ƙarshe, ya tattare bakin rigarsa, ya dubi ruwan.

"Da ka faɗa da wuri, ai da shinkafa muka dasa a nan."