Rumfar Seminole ce, ku daina ce mata "tiki"

Tun da aka sake buɗe Mai-Kai, tsohuwar mashayar Florida mai ado irin na tsibiran Pasifik da ake kira tiki, a watan Nuwamba na 2024, bayan shekara huɗu a rufe da gyaran da ya lashe sama da dala miliyan 20, masu mashaya a bakin ruwan Florida suka samu abin raɓawa. Wanda ya kafa dirkoki shida a kan yashi, ya ɗora musu jinka, ya jingine gunkin roba a ƙofa, shi ma yanzu magajin tarihi ne, yana tallar "al'adun tsibiran Pasifik". Jaridun yawon buɗe ido kuma suna maimaitawa ba tare da sun ɗaga kai sun dubi rufin da suke zaune a ƙarƙashinsa ba. Ba giyar da ake sha a wurin ce ta dame ni ba, wannan tsakaninsu da hantarsu. Sunan "tiki" da suke sa wa rumfar ne ƙarya, kuma ƙaryar tana danne haƙƙin wasu mutane.

Mashayar tiki ta asali ba a bakin teku aka haife ta ba. A Hollywood Ernest Gantt ya buɗe Don the Beachcomber, daidai lokacin da Amurka ta ɗage haramcin sayar da barasa a ƙarshen 1933. Victor Bergeron ya bi sahu a Oakland, ya mayar da ɗan shagonsa Trader Vic's, kuma shi ne ya yi iƙirarin ƙirƙiro haɗin barasar da ake kira mai tai a 1944. Barasar rake ce ta Karebiyan, abincin na 'yan China ne, masu haɗa abin shan kuma da yawansu 'yan Filifin ne, irin su Mariano Licudine wanda 'yan'uwa Bob da Jack Thornton suka ɗauko daga Chicago da za su buɗe Mai-Kai a Disamba 1956. Kalmar tiki kuwa daga tsibiran Polinesiya na Pasifik aka aro ta, inda a wajen Maori take nufin mutum na farko da aka halitta.

Yanayin wurin kuwa shiri ne irin na dandalin fim. Ana toshe hasken rana gaba ɗaya, a lulluɓe bango da gora da tabarma, a rataya busasshen kifin talibamban da ƙwan fitila a cikinsa, da ƙwallayen gilashi na komar masunta, haske ja-ja da shuɗi-shuɗi wanda da kyar za ka karanta takardar abinci. Ruwan ma na bogi ne. A ɗakin Molokai na Mai-Kai famfo ne ke kwararo ruwa a jikin tagogi don ka ɗauka kana cikin jirgi ana tafka ruwan sama. A Tonga Room na otal ɗin Fairmont da ke San Francisco, tsohon wurin ninkaya aka mayar tafki a 1945, makaɗa suna kiɗa a kan kwale-kwale. Kaɗan ne irin Bali Hai na San Diego, wanda tun 1954 yake kallon ruwa na gaskiya, da mashigar jiragensa, kuma ko shi tsibirin Shelter da yake zaune a kai da yashin da aka yaso daga ƙasan ruwa aka cike shi.

To ina rumfar bakin ruwan Florida ta shigo? Ba ta shigo ba. Wannan ginin sunansa chickee, wato gida a bakin Seminole da Miccosukee, 'yan asalin ƙasar. Ya bazu ne a ƙarni na 19, lokacin da sojojin Amurka ke farautarsu, musamman a yaƙin 1835 zuwa 1842, suka nutsa cikin fadamun Everglades suna buƙatar matsugunin da za a kafa cikin kwana kaɗan a bar shi cikin dare ɗaya. Dirkoki na itacen cypress da aka ɓare wa ɓawo, wanda ruwa ba ya saurin cinyewa. Daɓen katako a ɗage kusan mita ɗaya daga ƙasa saboda ambaliya da macizai. Babu bango ko ɗaya, iska ce ke korar zafi. Gidan 'yan gudun hijira ne, yau ake shan barasa a ciki da sunan wasu tsibirai masu nisan dubban mil.

Dokar jihar ma ta san mai abin. Ƙa'idar gine-ginen Florida ta keɓe chickee da ƙabilun biyu suka gina daga sharuɗɗanta, matuƙar buɗaɗɗiya ce, rufinta na ganyen dabino ne ko makamancinsa, kuma babu wayar lantarki, babu bututun ruwa, babu wani abin da ba itace ba. A nan masu mashaya ke tuntuɓe. Ranar da aka ja waya zuwa firji, aka kafa wurin wanke kofuna, aka rataya talabijin, rangwamen ya tashi, sai an nemi izinin gini. Dokar unguwa kan tazarar gini daga ruwa da iyakar maƙwabci kuwa dama tana nan daram. Amma dai abin lura shi ne, a gaban jami'in gini sunanta chickee, a allon talla sunanta tiki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Baibayar kanta sana'a ce da ba a koya a rana ɗaya. Ganyen sabal ake sarowa, dabinon da jihar ta ɗauka a matsayin itacenta, a buga kowane ɗaya da ƙusa a jikin tanka, ana farawa daga layin ƙasa ana hawa, kowane layi ya rufe kan na ƙasansa, har a ɗaure ƙoli. Idan jinkar ta kwanta da yawa ruwa zai zauna, ganye ya ruɓe daga ciki alhali waje na nuna lafiya. Idan aka yi rowar ganye, damina ɗaya za ta tona asiri. Ƙusar ƙarfe ta gama-gari iskar gishiri na cinye ta, ganyen ya soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, don haka sai wadda ba ta tsatsa. Ana feshin maganin gobara, a maimaita, don rana da ruwa suna wanke shi. Wasu suna jan raga a sama saboda iska da tsuntsaye. Ko an yi komai daidai, bayan shekara biyar ko ɗoriya kaɗan sai an sake baibaya.

Wannan kuɗin sake baibayar ne ake gudu, shi ya sa jinkar roba ke cin kasuwa. An ce ta fi daɗewa, kuma gaskiya ne. Amma babu ƙamshin busasshen ganye bayan ruwa, babu wannan sanyin da kauri ke riƙewa da tsakar rana, kuma magini Seminole ya fita daga lissafin gaba ɗaya. An karɓe masa suna, yanzu an karɓe masa aiki. Masu cewa a rufe duk wata mashayar tiki saboda satar al'ada kuwa, sun tsaya kan kofin mai siffar gunki sun manta da rufin da ke bisa kansu.

Gyaran ba shi da wuya. Wanda ya gina chickee ya rubuta chickee a allonsa, ya sa sunan ƙabilar da ta gina masa a jikin dirka inda mai shigowa zai gani. Hukumomin yawon buɗe ido su daina buga kalmar tiki a kan kowane hoto mai jinka. Mai jinkar roba kuma ya nemi wani suna can daban, tunda ba shi da na Hollywood, ba shi da na Everglades.