Makarantar kuɗi ko ta cata: lissafin iyaye a Amurka

Bahaushen da ya taso a Kano ko Maraɗi yakan iso Amurka da wani karatu a kansa: makarantar gwamnati ta marar hali ce, mai hali kuwa sai makarantar kuɗi. A gida wannan karatun yana da hujja, duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamare da ya cika maƙil, rabin yaran a zaune a ƙasa, ya san haka. A nan kuwa, ni a ganina, da yawa daga cikin iyayenmu da ke matse cikinsu don biyan kuɗin makaranta suna sayen abin da za su iya samu kyauta ne. Sai fa idan tarbiyyar addini suke saye, wannan kuwa magana ce daban.

Makarantar cata (charter school a Turance) ta gwamnati ce ta fuskar kuɗi, amma ba hukumar ilimi ta gunduma ke tafiyar da ita ba. Wata ƙungiya ce ke karɓar izini na wasu shekaru, sau da yawa biyar, bisa yarjejeniyar cewa in sakamako bai yi kyau ba za a iya ƙwace izinin. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokar a 1991, makarantar farko ta buɗe a St. Paul a 1992. Ba a biyan kuɗin makaranta, ba a kuma yin jarrabawar shiga. In masu nema sun fi kujeru yawa, ƙuri'a ake jefawa.

Yanzu a ɗauko alƙalami. A ce makarantar Musulunci ko ta cocin Katolika tana karɓar dala 8,000 a shekara kan kowane yaro, wanda ba wani abin mamaki ba ne a manyan birane. Mai 'ya'ya uku zai biya 24,000 a shekara. Daga ajin share fage zuwa aji 12 shekara 13 ke nan, jimilla dala 312,000, kuma wannan in kuɗin bai ƙaru ba, alhali kusan kullum ƙaruwa yake yi. Ba a sa kuɗin rajista, yunifom, littattafai da motar kai yara ba. Manyan makarantun masu hannu da shuni na New York kuwa sun haura dala 60,000 a shekara, waɗannan ba da mu ake ba. Direban Uber ko ma'aikaciyar kula da tsofaffi da ke aika kuɗin cefane gida kowane wata dole ta tambayi kanta: me wannan kuɗin ke sayowa?

Ta fuskar karatu zalla, ba abin da ake zato ba. A 2018 wasu masu bincike na Jami'ar Virginia sun fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 1,000, suka ga cewa fifikon da 'yan makarantar kuɗi ke nunawa yana ɓacewa da zarar an sa samun iyaye da iliminsu a ma'auni. Wato gidan ne ya yi aikin, makarantar ta karɓi yabo. A ɗaya ɓangaren, binciken cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford na 2023 ya nuna ɗaliban cata sun ɗan zarce takwarorinsu na makarantun gunduma, da abin da ya yi daidai da kwana 16 na karatu a Turanci da kwana 6 a lissafi a shekara. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba in an haɗa kowa da kowa, amma ta fi faɗi ga yara baƙaƙen fata 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a birane, inda akasarinmu muke.

Kada a ɗauka duk cata ɗaya ce. Wadda ake karatunta ta intanet daga gida, a guje ta. Binciken nan na CREDO ya nuna ɗalibanta suna komawa baya sosai. A Ohio wata babbar irinta mai suna ECOT ta rufe a Janairun 2018, a tsakiyar shekarar karatu, ta bar yara kusan 12,000 suna neman mafaka. Kafin ka cike takarda, ka duba shekarar da za a sabunta izinin makarantar, da sakamakon jarrabawar jiha na shekara uku a jere a shafin ma'aikatar ilimi. Ka kwatanta yawan 'yan aji 5 da na aji 8: in ajin yana ta ƙanƙancewa, yara na fita ne, kuma wani lokaci kyawun sakamakon daga nan ya fito. Ka tambayi malamai nawa suka bar aiki bara, domin doguwar ranar aiki tana korar malamai a wasu daga cikinsu. Tsananin horo kuwa, da dakatar da yaro kan ƙaramin laifi, wani gidan yana so, wani yaron kuma karya shi yake yi.

Inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne lokaci. A birnin New York 1 ga Afrilu ce ranar rufe karɓar takardun ƙuri'a. Wanda ya makara sai layin jira. A nemi makarantu da yawa, ba ɗaya ba. Ana fifita ƙannen wanda ke ciki da mazauna gundumar, saboda haka shigar babban yaro ita ce mabuɗi. Wasu ma ba sa ɗaukar sabbin ɗalibai a manyan azuzuwa.

Yaron da ke da jinkirin magana ko wata larurar koyo, a nan cata ta fi nesa ba kusa ba. Dokar tarayya ta wajabta mata aiwatar da shirinsa na musamman da ake kira IEP. Makarantar kuɗi ba ta da wannan nauyin a kanta, tana iya cewa ba ta da hali.

Sai addini. Cata ba ta da ikon koyar da Alƙur'ani ko jagorantar salla a matsayin darasi. Makarantar Tarek ibn Ziyad ta Minnesota ta rufe a 2011 bayan shari'ar da aka yi da ita kan zargin cusa addini. A 2025 alƙalan Kotun Ƙoli sun rabu huɗu da huɗu kan yunƙurin buɗe cata ta Katolika a Oklahoma, haramcin ya ci gaba da aiki. Wanda ke son 'yarsa ta yi sallar azahar cikin jam'i, ta yi hadda a jadawalin makaranta, ta ga malamarta da hijabi, kuɗinsa ya sayi abin da cata ba za ta ba shi ba, ban kuma ga laifinsa ba. Sai dai ya binciki ko makarantar tana da shaidar inganci daga hukumar tantancewa, ko malaman lissafi da kimiyya suna da lasisi, domin jihohi da dama ba sa tilasta wa makarantun kuɗi hakan. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, cata da rana, Islamiyya da yamma ko Asabar da Lahadi, tsarin da muka saba da shi ne tun gida.

Jihar da kake zaune tana iya juya lissafin gaba ɗaya. Ohio ta faɗaɗa EdChoice, tallafin da jihar ke bayarwa don biyan makarantar kuɗi, a 2023, har dala 6,166 a shekara zuwa aji 8 da 8,408 a sakandare, gwargwadon samun gida. Arizona da Florida ma suna da irinsa ga kowa. Mazaunin Columbus a Ohio zai iya sa ɗansa a makarantar Musulunci ya cika ɗan abin da ya rage, in makarantar tana cikin shirin. Mazaunin Bronx a New York ba shi da wannan, daga aljihunsa zai biya duka.